Kimar Gidan Baba

Lahadi, bayan la'asar

Na tarar da sauran takardun da Baba ya bari a ƙasan gafakarsa, da tawadar da ta bushe, na zuba mata ruwa ta farfaɗo. Shi ya koya mini rubutu ina ƙarama, yana cewa mace mai baki irina gara ta sami inda za ta riƙa juye shi. To, yau na samu. Ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke cina, don wanda na saba gaya wa, shi ne abin.

Sahabi zai tafi Makka a ƙasa. Ƙanena, wanda Inna ta rasu ta bar mini yana rarrafe, na goya shi har ƙafafunsa suna dukan cinyoyina. Ayarin Madugu Tambaya yana taruwa a Tsafe, za su tashi da zarar an gama shigar da amfanin gona, su bi ta Kano, ta Barno, ta wuraren da ban san sunansu ba. Cikin waɗanda suka bi wannan hanya daga unguwarmu nan Gusau, mutum ɗaya na ga ya dawo, shi ma da baƙin gemu ya tafi, ya dawo da fari.

Tun abin da ya faru da damina bai ƙara kwana cikin gida ba, a zaure yake shimfiɗa tabarma. Ba zan rubuta abin ba.

Mu biyu muka gaji gidan nan, kuma ba shi da wani guzuri sai rabonsa a ciki. Maƙwabcinmu na gabas, Malam Garba, ya ce zai sayi wancan gefen, har da ɗakin can. Amma alƙali ya ce ba rabo ba ciniki sai an yi wa gidan kima, kuma akwai wani magini, Labbo, da yake turawa irin wannan aiki. Da Sahabi ya gaya mini, na ce Allah ya kai mu. Bakina ne ya faɗa.

Talata, da hantsi

Labbo ya zo. Tsoho ne gajere, bisa wani jaki da ya girme shi, da igiya a kafaɗa da doguwar gora a hannu. Na tsaya bayan asabari ina jin su a zaure shi da Sahabi. Mutum ne mai son jin muryarsa.

"Aikina ba shi da wuya," in ji shi, "masu gida ka sa mai wuya. Yau kallo niz zo yi, Alhamis ina dawowa. In kuna so in gama da wuri, a share tsakar gida tas, in samu wurin jan igiya. A ɗaure bisashe. Mata su koma gehe guda, don ba ni shiga gidan mutane ina sunkuye. Maƙwabcin da kunka haɗa katanga da shi, shi zo shi tsaya, kar gobe shi ce an ci mai ƙasa. Kuma kowane ɗaki a buɗe. Ni ba ni yi ma gida kima da ƙohwa kulle. Azarad da ban buga da gorar ga nij ji kukanta ba, ba ni cewa komi bisa gare ta, don gara daga ciki taka ci."

Sahabi ya ce, "In anka yi hakanga, kwana nawa, Baba?"

"Kwana? Kahin rana ta yi zahi na gama. Amma in niz zo ban iske ku shirye ba, wucewa nikai. Bungudu suna jira na, Nahuce suna jira na, ga Bilbis. Sai na kewayo."

Sai na kewayo. Cikin duk surutunsa, wannan ce ta zauna mini.

Da ya tafi Sahabi ya leƙo ya ce, "Yaya, kin dai ji? Ni ina gona, cikin gida naki na." Na ce na ji, ba kurma ba ce ni.

Laraba, bayan magariba

Tuwo kaɗan ya ci. Ya zauna yana ɗinke tsohon takalminsa na fata. Na ce takalmin nan ko Damba ba zai kai ka ba, balle Makka. Ya yi murmushi. Rabona da murmushinsa tun kafin damina, amma ba irin wannan nake nema ba.

Alhamis, azahar

Da na tashi na duba dawar da aka kawo daga gona, sai na ga kamar da danshi. Kamar dai. Na baza ta a tsakar gida, daga bakin rijiya har ƙofar madafa. Matan unguwa kuma suka shigo taya ni sussuka. Ba duka na kira ba, biyu kawai na yi wa magana, amma wa ya isa ya hana mace bin ƙarar turmi?

Labbo ya yi sallama, ya leƙo, ya ga zannuwa ko'ina da taɓare suna tashi, ya ja da baya kamar ya taka garwashi. Na ji shi a zaure yana cewa, "Wanga gida biki akai?" Na aika masa da ruwa da haƙuri. Ya sha ruwan, ya hau jakinsa, ya nufi Bungudu.

Sahabi ya dawo daga gona da saurinsa, don ya tarar da aikin. Ya tsaya bakin shigifa yana kallon dawar. Ya duƙa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a baki ya ciza. Ya koma gona.

Juma'a, da safe

Ƙas ta ce a haƙorinsa. Ko dutse bai fi ta bushewa ba.

Litinin, bayan la'asar

Gwaggo Luba, ƙanwar Baba, ta zo daga Damba da sandarta da bakinta. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Saude, mi kike yi?"

Na ce tsince wake nake yi.

"Ba shi nika tambaya ba, kin sani. Yaron ga ba shi iya zama gidanga. Duk inda yad duba, ita shika gani. Ki bar shi shi tahi, ko Allah ya sanyaya mai zuciya bisa hanya."

Na ce ni fa, Gwaggo? In ya tafi, ni me zan duba? Aurena ya ƙare da kabarin mijina, Allah bai ba ni ko ɓari ba, na dawo gidan ubana da akwati ɗaya. Sahabi ne ɗan da na samu. Ni na yi masa kaciya da jinya, ni na zaɓo masa mata daga Nahuce, ni na daka turaren ɗakinta.

Sai Gwaggo ta ambaci sunan Lami, matar tasa. Ta ambaci jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba. Na tashi na shiga madafa, na hura wutar da ba abin da zan dafa da ita.

Da za ta tafi ta ce, "Riƙo iri-iri na, ɗiyata. Wani riƙon karya hannu shikai." Na ce ta gai da mutanen Damba.

Laraba, da hantsi

Labbo ya kewayo. Tsakar gida a share, akuyoyi a ɗaure, ba mace ko ɗaya sai ni. Ba wanda zai ce ban yi ƙoƙari ba.

Sai dai maƙwabcinmu na yamma, Buba, ba ya nan, ya bi shanunsa ruga tun jiya. Ni aka bar wa in gaya wa matarsa Hadiza ta kan katanga. Kuma na hau turmi shekaranjiya na leƙa, mun yi hira. Mun yi maganar tsadar gishiri, da maganar masu sarar hanyar jirgi da aka ce sun cika Tsafe, da ciwon haƙorin yarinyarta. Har na sauko.

Ashe Labbo daga iyaka yake farawa, in ba maƙwabci a tsaye ko igiyarsa ba ya warwarewa. Malam Garba, da ya zo tun da sassafe yana ƙare wa katangunmu kallo kamar mai zaɓen rago, ya yi ta magiya a fara ta gefensa. Labbo ya ce a'a, gida ba a auna shi rabi-rabi.

Kafin ya hau jaki ya matso kusa da asabari, ya rage murya, abin da ban san ya iya ba. Ya ce, "Uwar gida, jakina ya hi ni gane ƙohwar gidanga yanzu. Duk gidan da anka yi gado, akwai mai so a gama, akwai mai so kar a gama. Ni dai igiya nika ja."

Na ce masa mantuwa ce, ɗan Adam ajizi ne. Tsoho mai shisshigi.

Asabar, azahar

Sahabi yana bisa soron ɗakina yana gyara indararo. Ya kwaɓa ƙasa ya toshe inda yake yoyo bara. Damina tana can nesa, wa ya ce masa ya gyara yanzu? Na fito na ce ya sauko kar ya faɗo, in lokacin ya yi ya gyara. Ya ce, "Bari in gama, Yaya, tun ina bisa."

Duk yinin yau ƙasa na zubo mini a ɗaki, ni kuma na ƙi fita.

Lahadi, bayan magariba

Ba abin rubutawa. Yana nan. Ina jin tarinsa daga zaure. Alhamdu lillahi.

Talata, bayan la'asar

Madugu Tambaya ya aiko. In sabon wata ya tsaya, za su ci kasuwar Tsafe ɗaya, su tashi. Wanda bai iso ba ya jira wata shekara.

Wata shekara! Na riƙe kalmar nan kamar an ba ni zuma. Cikin shekara guda mutum yana iya warkewa. Yana iya ganin wata yarinya a bakin rijiya. Ba zunubi nake nema ba, lokaci kawai nake nema, kuma ban ga laifin mai neman lokaci ba.

Wannan karon Sahabi bai bar mini komai ba. Da ƙafarsa ya je ruga ya samo Buba. Da hannunsa ya kafa turakun akuyoyi. Har tsintsiya ya ɗauka, namiji da gemunsa, yana shara a karkace yana barin rabin dattin a baya. Na ce kawo nan kafin mutane su ce ba mace a gidan. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Alhamis, azahar

Komai ya tafi daidai yau. Buba ya tsaya gefensa, Malam Garba ya tsaya nasa. Labbo ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya leƙa rijiya ya jefa tsakuwa ya saurara, ya shiga rumbu ya fito da ƙaiƙayi a gemu. Ya shiga ɗakin Baba, ya shiga nawa, yana buga azara da gorarsa ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, yana karkata kunne kamar mai sayen tukunya. Ni ina madafa ina jin kowane bugu a ƙirjina.

Sai suka iso ɗakin gabas.

Ranar da aka fitar da su biyun, Lami da jaririn, daga ɗakin nan, Sahabi ya datse ƙofar da kwaɗo, ya sa mini makullin a tafin hannu, ya ce kar in ƙara nuna masa shi. Don haka yau da Labbo ya ce a buɗe, duk suka juyo wajen madafa.

Na ce ya ɓata.

Malam Garba ya ce, "Haba! A ɓalle kwaɗon mana, ni in sayi wani."

Sahabi ya ce, "Ba a ɓalle ƙohwar ga." A hankali ya faɗa.

Labbo ya naɗe igiyarsa a gwiwar hannu. Ya ce wannan ɗakin ne rabin abin da za a saya, ba zai sa masa kima ta ramin kwaɗo ba. Zai je Nahuce, akwai gidaje da ke jiransa, sai Alhamis mai zuwa. Ya ce in makulli ya fito kafin nan, to, in bai fito ba kar a wahalar masa da jaki.

Makullin ya ɓata. Haka na ce. Ƙwaryar kanwa tana can bisa ragaya a madafa, ban dai sauke ta ba kwanan nan.

Asabar, bayan magariba

Gwaggo ta aiko ba ta jin daɗi, na wuni a Damba. Na same ta garau tana cin gyaɗa, ciwon baya ne kawai na tsufa. Da na dawo na tarar da Sahabi a bakin rijiya yana wanke fuska, idanunsa jawur, da yanar gizo a hularsa. Na ce ina ka shiga haka? Ya ce ƙura ce.

An ga wata.

Lahadi, bayan la'asar

Ina tuƙa tuwo ya zo ya tsuguna a ƙofar madafa, irin tsugunon da yake yi yana yaro in ya fasa mini tulu.

Ya ce, "Yaya, na zagaya dangi da maƙwabta, na nemi gahwarar kowa. Ke kaɗai kir rage. Goyon da kika yi min, da dawainiya, da abin da nis sani da wanda ban sani ba, ki yahe min."

Na sani sarai mai tafiya irin wannan ba ya ɗaga ƙafa sai wadda ta raine shi ta sallame shi. Na ga kamar Allah ne ya miƙo mini wata igiyar. Ban bar tuƙi ba, na ce, "Sai an gama kima mu yi wagga magana."

Ya daɗe a tsugune. Tuwon ya yi ƙarfi har muciya na neman karyewa, ina ta juya shi. Can ya ce, "To, Yaya." Ya tashi.

Ya Allah, Kai ka san ba don ƙiyayya ba ne.

Litinin, azahar

Ya sa babbar rigar Baba, mai aikin shuni a wuya, ya fita tare da Malam Garba da Buba. Na ce a raina ƙarata za a kai wurin alƙali. To, a kai. In aka tambaye ni zan ce makulli ya ɓata, a zo a bincika. Ya dawo ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Na ji daɗi, na ce ashe ya fara haƙura.

Talata, da hantsi

Bai dawo daga sallar asuba ba. Tabarmarsa a naɗe, jingine da bango. Kununsa ya yi sanyi.

Talata, azahar

Malam Garba ya yi sallama, ya tsaya a zaure yana ta gyaran murya.

Ya ce, "Saude, amana anka ba ni, an ce sai rana ta ɗaga in hwaɗi. Jiya gaban alƙali, ni da Buba muna shaida, Sahabi ya ba ki rabonai kyauta. Ya ce tunda ba rabo ba ciniki, ba sauran buƙatar kima, a bar wahal da ke. Gida naki na duka. Shi ya kama hanyar Tsahe tun da asuba."

Na ce da wane guzurin?

"Da sandatai da gorar ruwa. Ya ce masu tahiyar ga da yawa ƙodago sukai bisa hanya, su yi noma nan, su yi dako can, har su isa."

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji sanyin daɓe. Ni da na zaci in ba guzuri ba tafiya! Ashe abin da na iya hanawa guzurin ne kawai. Na tura yaron da na goya cikin duniya hannu wofi, kuma ban ce na yafe ba.

Na ce Malam Garba, tunda gida nawa ne, na sayar maka da gefen gabas, yanzu-yanzu, ba ni abin da ka ga dama in bi shi. Mutumin da nake yi wa kallon mai haɗama ya ce, "A'a. Ba ni sayen gida da ka, balle ga mace cikin kuka. Gobe a ce na cuce ki. Labbo shi hwaɗi gaban shaidu, ni kau in biya nan take."

Buba ya hau doki zuwa Nahuce ya roƙo mana Labbo. Ya ce in kuma ina so, ya wuce Tsafe ya tsayar da Sahabi. Na ce a'a. Ba zan je masa da baki kawai ba, da baki na kore shi. Ayari ba zai tashi ba sai an ci kasuwa, akwai sauran lokaci.

Laraba, da hantsi

Buba ya dawo shi kaɗai. Labbo ya ce yana tsakiyar gidajen mutanen da suka shirya suka jira shi, ba zai tsallake su ba don wadda ba ta shirya ba. Alhamis ya ce, Alhamis zai zo. Na zage shi, shi da jakinsa da gorarsa. Da na gama na ga gaskiyarsa.

Laraba, bayan la'asar

Na sauke ƙwaryar kanwa. Makullin yana ciki. Na tsaya gaban ƙofar nan har inuwa ta matsa, sannan na buɗe. Na ɗaure zane a hanci don na san abin da ɗakin da aka rufe tun damina zai zama.

A share yake.

A share, sharar nan tasa ta karkace, da sauran datti a kusurwa. An kakkaɓe yanar gizo daga azara kaf, yadda mai gora zai ga kowace. Kayan Lami, ƙorenta da tasoshinta da zannuwanta, an ƙulle su wuri ɗaya a bakin ƙofa, yadda za a ɗauka a mayar wa mutanenta. A saman ƙullin ga zanen goyon da na saƙa wa jaririn, a ninke.

Ranar da na wuni a Damba ke nan. Ya san inda makullin yake. Ya shiga ɗakin da ya rantse ba zai ƙara shiga ba, shi kaɗai, ya tattara su da hannunsa, ya kulle, ya mayar da makullin cikin kanwa. Ya bar ni in fito da shi da kaina, don kar ya kama yayarsa da ƙarya a gaban mutane. Ya jira ni Lahadi, ya jira ni Litinin.

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Hadiza ta jiyo ni ta kan katanga, ta zagayo ta zauna da ni, ba ta tambaye ni komai ba.

Alhamis, da hantsi

Tun kafin kiran salla na share gidan nan har ƙasa ta yi ƙyalli. Na ɗaure akuyoyi, na kulle kaji, na buɗe kowace ƙofa na tokare ta da dutse. Buba da Malam Garba suna tsaye kafin rana ta fito. Ni da kaina na fita bakin zaure ina leƙen hanya, abin da ban taɓa yi ba, ina roƙon Allah ya ba tsohon jakin nan ƙafa.

Labbo ya iso, ya dube ni. Ya shiga ɗakin gabas. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya auna tsawo ya auna faɗi, ya ƙwaƙule bango da farce ya duba makubar da aka shafe shi da ita. Kunun da na dama masa bai huce ba ya fito.

Shi ke nan. Abin da na ja makonni a kansa, bai kai shan kunu ba.

Ya faɗi kimar gaban shaidu. Ya ƙara da cewa, "Azara lahiya lau, ko gara guda babu. Wanda yag gina gidanga ya san aiki. Shina kai ku har jikoki." Sai ya tuna, ya kama naɗe igiya.

Malam Garba ya cika alkawari. Ban duba abin da ya ba ni ba, na ƙulle a tsumma na ɗaura a ƙugu. Buba ya ɗaure wa jaki akumari, shi da Hadiza za su raka ni. Na soya gyaɗa, na ɗebi garin gero da kuka da daddawa. Zan tafi da takardun nan, ban san dalili ba.

Asabar, Tsafe, bayan la'asar

Zangon ba kowa. Sai duwatsun murhu da toka da kashin jakuna. Wata mai sayar da fura ta ce tun ranar Alhamis da hantsi suka tashi, madugu ya ga kowa ya hallara, ya ce ba amfanin zama. Da hantsi. Lokacin ina tsaye ina jin ƙwas, ƙwas.

Muna ratsa bakin kasuwa na hango ta rataye a rumfar wani dillali, aikin shunin wuyan yana kallona. Rigar Baba. Dillalin ya ce wani saurayi mai tafiya gabas ne ya ba shi ita, ya karɓi gero da salkar ruwa. Ya ce saurayin bai yi ciniki ba. Ni ma ban yi ba, na biya na karɓo ta.

Mutum ɗaya ya rage daga ayarin, wani dattijo, Malam Arzika, da jakinsa ya yi targaɗe. Gobe zai tashi, ya ce zai cim musu kafin Kano in Allah ya so. Buba ya ja ni gefe ya ce ba mu san shi ba, ba a ba baƙo dukiyar gida. Na ce to wa zan ba?

Na kwance ƙullin daga ƙuguna, na naɗe shi cikin rigar, na haɗa da gyaɗar da garin, na ajiye gabansa. Na tsuguna. Na ce, "Baba, don girman inda za ka, ka kai ma ƙanena wanga. Sahabi, daga Gusau. Ka ce mai an gama kima. Ka ce mai Yaya ta yahe, duniya da lahira, shi ma shi yahe mata."

Ya sa hannu bisa kayan ya ce ya ɗauka, Allah shaida. Sai ya ce, "Amma ɗiyata, ayarin ga da yawa, ni kau ban san sunan kowa ba. Ƙaƙa zan gane shi?"

Na buɗe baki in kwatanta masa yaron da na sani tun yana rarrafe, tabon gwiwarsa, yadda yake karkata kai in ana yi masa faɗa, amma duk ba abin da baƙo zai gani ba ne.

Na ce dogo ne, siriri, ba ya yawan magana. Ka duba wanda ba shi da riga.